Abin da Zainabu ta faɗa mini a kan ƙafar Rabe

Da sunan Allah nake kama wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewayawa. Na rubuta muku yadda aka raba gonar kakanku, na rubuta shekarar farin da muka rabu da shanunmu, duk ban yi jinkiri ba. Wannan kuwa sau uku ina buɗe littafin ina rufewa. Ku 'ya'yana da jikokina kun ga Rabe yana ɗingishi, kun kuma ji maganar da ke yawo a gidan nan, cewa filastar da Zainabu, ɗiyar ƙanena Iliya, ta liƙa masa ita ta lalata masa ƙafa. Wasunku sun ji a bakin mata wajen daka, wasu a bakin dattawa a ƙofar masallaci. Maganar ba gaskiya ba ce. Na san ba gaskiya ba ce tun ranar da aka fara faɗinta, kuma ina ji ina gani na bari ta girma.

A ƙuruciyata an san ni a fagen kokowa a Cadakori da ƙauyukan da ke kewaye. Ban yi nisa ba. Sau biyu na shiga zaɓen waɗanda za su wakilci yankinmu, sau biyu ana kayar da ni a karon ƙarshe, na koma gona na ce na haƙura, alhali ban haƙura ba. Cikin 'ya'yana maza babu wanda ya ɗauko jikina sai Rabe, na huɗunsu. Ya fi ni tsawo, ya kuma fi ni natsuwa nesa ba kusa ba. Ni da zafin kai nake shiga fage, shi kuwa sai ya tsaya yana kallon abokin karawarsa kamar mai taya ɗan rago a kasuwa, har sai wancan ya gaji ya kawo kansa. Ƙarfinsa duka a ƙafar dama yake. In ya kafa ta a ƙasa, kamar an dasa turke, sai dai ka kewaya shi. Ni na koya masa wannan tsayuwa a bayan rumbu tun yana ƙarami, kuma in makaɗa suka kira sunansa suka haɗa da nawa, nakan ji kamar an mayar mini da shekaruna.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau, hatsi ya cika gonaki, kokowar kaka ta yi armashi. Rabe bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Aka sa ranar zaɓe a Gidan Rumji, wanda ya haye a nan shi zai tafi Maradi. Saura kwana goma sha biyu, muna kwasar damman hatsi daga gona, Rabe yana tsaye bisa amalanke yana karɓa, sai san da ke jan amalanken ya zabura. Ya diro da dami a hannu, ƙafar dama ta sauka a bakin wani rami ta lanƙwashe ciki. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa ya riƙe ta da hannu biyu yana kallona. Kafin mu isa gida idon sawun ya kumbura har ba a ganin ƙashin, washegari ya yi baƙi-baƙi har zuwa yatsu. Uwarsa Rakiya ta yi ta gasa masa da ruwan zafi tana shafa man shanu, kumburi sai ƙaruwa yake yi.

Iliya ne ya ce mu jira Zainabu, za ta zo ranar Asabar. Zainabu ita ce ta fara yin nisa a lakol, wato karatun boko, a duk zuriyarmu. Iliya ya sha magana a kanta, ya toshe kunne har ta gama, ta sami aiki a asibiti a Maradi, cikin waɗanda ake ce wa kine, masu gyaran gaɓoɓi da koya wa jiki motsi bayan rauni. Duk wanda ya san Iliya ya san ba shi da abin alfahari kamarta. Ta iso da hantsi, ko ruwa ba ta sha ba ta durƙusa gaban Rabe a tsakar gida, ta ɗora ƙafar bisa cinyarta. Ta dinga dannawa da babban yatsa, wuri bayan wuri, tana kallon fuskarsa. Da ta kai bayan ƙashin waje, Rabe ya cije haƙora har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta sake dannawa a wurin, ya sake cijewa. Ta ce ya tashi ya yi taku huɗu. Ya yi biyu ya dafa kafaɗata yana dariya.

"Ke dai liƙa mini abin naki, likita," in ji shi. "Ƙafar ɗan kokowa ba ta kwanciya."

"Za ta kwanta kuwa, Yaya Rabe," ta ce. "Ko ba ka so."

Ta wanke ƙafar da sabulu, ta goge ta bushe sarai, ta aske gashin ƙwabrin. Sannan ta fito da wani naɗi shuɗi daga jakarta. Filasta ce, amma ba irin wadda muka sani ta rufe ciwo ba, wannan tana miƙewa kamar roba, kuma ta ce 'yan ƙwallo da masu gudu sun fi amfani da ita. Ta yanko tsawon kamu ɗaya da almakashi, ta tsaga shi gida biyar kamar yatsun hannu, ta bar kan a haɗe, ta zagaye kusurwoyin don kada su ɓamɓare. Ta liƙa kan a ƙwabri, ta shimfiɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya bisa kumburin, ba ta ja su da ƙarfi ba. Ta yanko na biyu ta gitta shi bisa na farko har suka yi kamar saƙar faifai. Na uku ta bi da shi ta ƙarƙashin diddige ta hau da shi gefe biyu. Ta murza duka da tafin hannu har suka yi ɗumi. Mata sun kewaye ta suna kallo, Rakiya ta kasa haƙuri.

"Zainabu, wane magani anka sa a ciki?"

"Babu magani, Inna. Fata take ɗan ɗagawa, ruwan da ya taru ya sami hanyar wucewa, zafin kuma ya ragu. Iyakar aikinta ke nan."

Ta yanka wasu ta ajiye mini a takarda, ta nuna mini yadda zan sake masa bayan kwana huɗu. Ta ce in ya ji ƙaiƙayi ko yatsun suka yi sanyi a cire nan take, kuma ya riƙa ɗora ƙafar bisa matashi. Bayan azahar, da za ta koma, sai ta ce in raka ta bakin hanya. Muka tsaya gindin dogonyaron da ke ƙofar gida, mu biyu. Abin da ta faɗa mini a nan shi ne dalilin wannan babi, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Baba, ban so in faɗa gaban Inna ba, ka san yadda jininta yake hawa. Ina jin tsoron ba targaɗe ba ne kaɗai. Inda na danna ya cije, ƙashi ne, kuma ina zaton ya tsage. Ka kawo mini shi Maradi ranar Litinin a yi masa radiyo, a ga hoton ƙashin."

"In tsagewa ce fa?" na tambaye ta.

"Sai a ɗaure ƙafar ya huta wata biyu, ta warke kamar ba a yi ba. Amma Baba, ka ji ni da kyau. Filastar nan za ta sauke kumburi, za ta rage zafi, har ya ga kamar ya warke. Ba ta ɗora ƙashi. Kada ya shiga fage da ƙafar nan. Ni in na faɗa masa dariya zai yi, maganarka kaɗai yake ji."

"Na ji, ɗiyata," na ce. "Allah ya yi miki albarka."

Na koma cikin gida na tarar Rabe yana jirana da ido. Ya bari uwarsa ta shiga ɗaki, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Baba, me ta ce maka a waje?"

"Ta ce targaɗe ne. Filastar za ta riƙe."

Haka na ce. Babu wanda ya tilasta ni, kuma ban yi tuntuɓen harshe ba. Tun ina tahowa daga gindin dogonyaro na shirya amsar. Na gaya wa kaina cewa yarinya ce, zato kawai take yi, ita kanta ta ce zato. Na gaya wa kaina ni ma na yi kokowa da ciwon da ya fi wannan. Abin da ban yarda na gaya wa kaina ba shi ne, wata biyu na nufin zaɓe ya wuce, kuma ban san ko baɗi Rabe zai sake zama yadda yake a wannan kaka ba.

Filastar kuwa ta yi duk abin da Zainabu ta ce za ta yi. Kwana uku kumburi ya sauka, ƙashin idon sawu ya fito. Da na ɓamɓare ta don in sake, sai ga baƙin jinin ya washe layi-layi daidai inda yatsun filastar suka bi. Mutane suka dinga shigowa kallo, Iliya yana tsaye yana murmushi kamar shi ya yi aikin. Rabe ya fara takawa, ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa. Ranar Litinin Zainabu ta kira ni a waya ta ce tana jiranmu. Na ce mata ya sami sauƙi sosai, aikin gona ya riƙe mu, za mu zo in mun gama. Ta kuma tambaye ni ko ya janye daga zaɓen. Na ce kada ta damu. Rakiya ce kaɗai ta ga abin da na ƙi gani.

"Malam, yaron nan in ya tashi da safe sai ya dafa bango. Na gan shi yau, na gan shi jiya."

"Tsamin jiki ne," na ce. "Ke me kika sani a kokowa?"

"Ban san kokowa ba. Na san ɗana."

Ranar zaɓe, da hannuna na liƙa masa filastar ƙarshe. Ku riƙe wannan da kyau: wadda ke ƙafarsa a Gidan Rumji ba Zainabu ta sa ba, ni na sa. Har na ƙara ɗauri biyu na ja su iyakar ƙarfina, ina ganin in ta matse za ta fi riƙewa. Aka fara bayan la'asar, fage ya cika, ganguna suna tashi. Karon farko Rabe ya gama da mutuminsa kafin mutane su gyara zama. Na biyu ya ɗan ja, amma ya kayar. Da ya dawo ya zauna kusa da ni, na ga zufar da ke goshinsa ba ta gajiya ba ce, kuma ya miƙe ƙafar bai yarda ta taɓa ƙasa ba. Ya juyo ya dube ni. Da na girgiza kai sau ɗaya, da ya janye. Sai na dafa bayansa na ce saura ɗaya.

Na ukun wani ɗan Tibiri ne, gajere mai faɗin ƙirji. Ba shi da laifi, ya ga shuɗin abu a ƙafar abokin karawarsa, ya san inda zai tura nauyi, ko ni ne haka zan yi. Suka kama juna, ya dinga tura Rabe zuwa dama. Rabe ya yi abin da na koya masa, ya kafa ƙafar. Duk da ganguna na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ya zube, makaɗa suka tsaya. Da na isa gare shi tafin ƙafar yana kallon inda bai kamata ba.

A asibitin Maradi likita ya ɗaga hoton ƙashin ya ce akwai tsohuwar tsagewa, ita ce ta ƙarasa, ta kuma tafi da gaɓar. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Ina zaune a baranda sai ga Zainabu cikin farar rigar aiki, tana sauri. Ta tsaya gabana ta dube ni. Ta gaishe ni kamar kullum, ta shige wurin Rabe.

Kafin mu dawo gida magana ta riga mu. Wani ya ce filastar ta tsare jini har ƙashi ya bushe, wani ya ce tun da aka ga abu shuɗi a jikin mutum ai an san ba alheri ba ne. Rakiya, da zuciyarta ke neman inda za ta sauke zafi, ta kama wannan ta riƙe. Ta rantse Zainabu ba za ta sake taɓa mata ɗa ba. Likita ya ce in an cire ɗauri sai an yi watanni ana motsa gaɓar, aikin da Zainabu ta fi kowa iyawa, amma ba a kai shi ba, gaɓar ta sandare. Ina ji, ban buɗe baki ba. Bayan mako guda Iliya ya zo ya same ni a zaure. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a gabana ba.

"Yaya, na zo ban haƙuri. Ni na ce a jira ta. Da mun kai shi wurin maɗori tun farko, da ba mu ga wannan rana ba. Karatun da munka sa ta, ga inda ya kai mu."

"Ƙaddara ce, Iliya," na ce. "A bar maganar."

Allah ya kawo mini ƙofa har cikin zaurena, na rufe ta da hannuna. Iliya ya hana ɗiyarsa sake duba kowa a dangi. Ya daina ambaton aikinta a majalisa, in wani ya tambaye shi labarinta sai ya ce tana nan, ya kawo wata magana. Ita kuwa ba ta taɓa kare kanta ba, don kafin ta wanke kanta sai ta ce wan ubanta ya yi ƙarya, kuma ba haka aka rene ta ba. Zuwanta gida ya ragu, daga wata-wata ya koma salla-salla. Duk zuwan da za ta yi sai ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon tabarma. Na yi ta cewa zan faɗa in Rabe ya warke, zan faɗa in Rakiya ta huce, zan faɗa bayan damina. Shekara shida ina haka. A ta shidan Iliya ya kwanta ciwon kwana uku ya rasu.

Bayan sadakar bakwai na bi Rabe gona. Yana huɗa, yana jan ƙafar a bayansa. Na ce ya ajiye garma. A tsaye na faɗa masa duka, tun daga gindin dogonyaro har zuwa wayar ranar Litinin. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, da ka faɗa mini, wataƙila da na shiga duk da haka. Yadda nake ji da kaina a lokacin, ba na jin tsagewar ƙashi za ta hana ni." Sannan ya ɗago ya dube ni. "Amma da ni na zaɓa."

Ya ɗauki garmarsa ya ci gaba da aiki. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kafin ranar ko bayanta. Rakiya kuwa da na faɗa mata, kwana biyu ba ta ce mini uffan ba, a na uku ta ƙulla daddawa da kuka a leda ta ajiye gabana ta ce in kai wa yarinyar, ita ba ta da idon da za ta dube ta.

Na sami Zainabu a gidanta a Maradi, ta dawo aiki ke nan. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na ce ta zauna. Na roƙe ta gafara da bakina, na ce zan faɗa a ƙofar masallaci kowa ya ji. Ta saurare ni har na gama, hannayenta bisa gwiwa.

"Na yafe maka, Baba, tun tuni. Amma wanda nake so ya ji maganar nan yana ƙarƙashin ƙasa."

Ta raka ni har tasha, da mota za ta tashi ta leƙo ta taga ta ce in turo mata Rabe ta ga ko akwai abin da ya rage da za a iya gyarawa. Ya yi ta zuwa har wata biyar. Ɗingishin bai tafi ba kuma ba zai tafi ba, sai dai gaɓar ta ɗan saki, har ya koma yana naɗe ƙafarsa ya yi zaman tahiya a sahu kamar kowa, bayan shekara shida yana miƙe ta a gefe. Na faɗi gaskiya a ƙofar masallaci kamar yadda na yi alkawari. Dattawa suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka tashi, amma tsohuwar maganar ta riga ta yi saiwa, har yau ina jin ta a bakin yaran da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru.

Ranar Juma'a nakan bi ta maƙabarta in yi wa Iliya addu'a. In na shafa sai in matsa kusa in ce masa ɗiyarsa ta gano ciwon tun ranar farko da babban yatsanta, ta faɗa, ni na ɓoye. Ban sani ba ko yana ji. Ku dai kun ji.